Abin da Ke Saura a Gona Bayan Jirgi Ya Wuce: Dusar Yuraniyom da Darasinta ga Ƙasar Gobir

A daren 25 ga Disamba, 2025, sojojin Amurka suka kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Gwamnatin Najeriya ta ce da saninta da amincewarta aka yi, kuma an nufi sansanonin 'yan ta'adda ne a dajin Bauni da ke Ƙaramar Hukumar Tangaza. Sai dai wasu ɓaraguzan makaman sun faɗo nesa da can, a Jabo ta Ƙaramar Hukumar Tambuwal, da kuma Offa a Jihar Kwara. Da gari ya waye, hotunan da suka fito daga Jabo sun nuna jama'a sun yi dafifi a gonar da abin ya faɗa, har da yara, ana ɗaga guntayen ƙarfe ana jujjuya su a hannu.

Sabon Birni da Isa suna can gabashin jihar, nesa da Jabo. Amma babu inda wannan hoto ya fi kamata ya tayar da hankali kamar can, domin shekara da shekaru ke nan jiragen yaƙi suna shawagi a kan dazukan da ke tsakanin Isa, Sabon Birni da Shinkafi, suna neman Bello Turji da ire-irensa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane irin ƙarfe ne ke faɗowa, wa ke rubuta inda ya faɗa, kuma wa zai zo ya kwashe shi idan ƙura ta lafa? A tarihin yaƙe-yaƙen zamani babu makamin da ya koya wa duniya nauyin wannan tambaya kamar harsashin da ake ƙerawa da ragowar yuraniyom.

Gari da dusa

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, irin na Arlit a Jamhuriyar Nijar, gauraye yake. Kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na nau'in da ake kira U-235, wanda tashoshin lantarki na nukiliya da bama-bamai ke buƙata. Kusan duk sauran nau'in U-238 ne. Masana'antun tacewa suna tankaɗe shi kamar yadda ake tankaɗe tsaba: a ware gari gefe guda, dusa ta taru a wani gefen. Wannan dusa, wadda U-235 ɗin cikinta ya ragu zuwa kashi 0.2 ko 0.3, ita ce abin da za a kira dusar yuraniyom a wannan rubutu. Ƙasashen da ke tacewa sun tara ta tan dubu ɗaruruwa, don haka tana da araha.

Abu uku suka sa sojoji ke sonta. Na farko nauyi: ta fi dalma nauyi da kusan kashi 70 cikin ɗari, don haka ɗan siririn sanda nata da aka harba da gudu yana huda sulken tankar yaƙi. Na biyu, idan ta daki ƙarfe bakinta ba ya dakushewa, sai dai ya riƙa zubar da gefe yana ƙara tsini. Na uku, tana kama wuta da kanta idan ta yi zafi, ta ƙone abin da ke cikin motar. Da ita ake yin harsasai masu faɗin milimita 30 na jirgin A-10 na Amurka, da manyan harsasan tankoki masu milimita 120.

Harsashin ba bam ɗin nukiliya ba ne, kuma ba ya fashewa irin tasa. Tururin nukiliyar da ke fita daga jikinsa bai wuce kusan kashi 60 cikin ɗari na yuraniyom ɗin da aka haƙo ba, kuma mafi yawansa fatar mutum ma tana tare shi. Haɗarin yana farawa ne lokacin da ƙarfen ya shiga jiki.

Ƙura da tsatsa

Hanya biyu yake bi. Idan harsashi ya sami abu mai tauri, wani sashe nasa yana ƙonewa ya zama ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ke kwantawa a jikin motar da aka harba da ƙasar da ke kewaye, iska kuma ta iya sake tayar da ita. Wanda ya shaƙa, wasu ƙwayoyin suna maƙalewa a huhu na tsawon lokaci. Idan kuwa ya kuskure, kamar yadda mafi yawan harsasan jirgi ke yi, sai ya nutse cikin ƙasa ya yi ta tsatsa a hankali, ruwan sama yana wanke shi zuwa ƙasa. U-238 yana ɗaukar shekara biliyan huɗu da rabi kafin rabinsa ya lalace, wato a lissafin ɗan Adam ba ya tafiya ko'ina sai an kwashe shi.

A cikin jiki, yuraniyom guba ne irin na ƙarafa masu nauyi, kuma ƙoda ce ya fi taɓawa. Ƙurar da ta zauna a huhu kuma tana iya ƙara haɗarin ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2001, ta ware ƙananan yara a matsayin waɗanda suka fi fuskantar haɗari, saboda wasa da ƙasa da kai hannu baki, ta kuma ba da shawarar a tsabtace wuraren da abin ya taru, a riƙa duba ruwan sha.

Ya kamata a faɗi ɗaya ɓangaren da irin wannan ƙarfi. Tun 1993 likitoci a Baltimore ke bibiyar wasu tsofaffin sojojin Amurka da guntayen wannan ƙarfe suka maƙale a jikinsu a yaƙin Tekun Fasha. Ana ganin yuraniyom a fitsarinsu, amma ba a sami mummunar lalacewar ƙoda da aka yi tsoro ba. A Iraƙi, likitocin Basra da Falluja sun daɗe suna kokawa kan yawan ciwon daji da haihuwar jarirai masu naƙasa, amma binciken da Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta fitar a 2013 bai ga ƙaruwar haihuwar jarirai masu naƙasa da ta wuce ƙima ba, ko da yake masana da dama sun soki yadda aka gudanar da shi. Wanda ya ce duk ciwon dajin Basra daga wannan ƙarfe yake ya wuce abin da hujja ta nuna. Wanda ya ce an tabbatar ba ya cutarwa shi ma ya wuce ta. Dalilin wannan giɓi shi ne darasin da ya fi shafar Gobir.

Taswirar da aka ɓoye

Domin a gane ko wani abu ya cutar da al'umma, sai an san inda ya faɗa, da yawansa, da waɗanda suka zauna kusa da shi. A kusan kowane yaƙi, wannan bayani ne aka fi jinkirta bayarwa.

A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an harba kimanin tan 300 a Kuwait da kudancin Iraƙi. A Kosovo a 1999, jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO sun harba harsasai kusan 31,000 a wurare 112, amma sai a 2000, bayan Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya nemi bayani, aka miƙa jerin wuraren. Da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar ta samu taswira, aiki ya yiwu: ta je ta auna, ta tsinci harsasai a ƙasa. A Bosniya, inda aka yi harbin a 1994 da 1995, ta sami burbushin ƙarfen a ruwan ƙarƙashin ƙasa a Hadzici shekara bakwai bayan yaƙin.

A Iraƙi bayan mamayar 2003 ba a samu haka ba. Tankokin da aka ƙone suka ƙare a filayen tsofaffin ƙarafa, ana yanka su ana sayarwa, yara suna wasa a kansu. Sai a 2014 da 2016 ƙungiyar PAX ta ƙasar Holan ta fitar da wasu daga cikin bayanan harbin, waɗanda suka nuna cewa mafi yawan abin da jiragen A-10 suka harba ba tankoki ba ne: motoci ne na yau da kullum, da gine-gine, da sojojin ƙafa. A lokacin, sama da shekara goma sun wuce, mutane sun ƙaura, ƙarafa sun bazu, duk binciken da za a yi ya zama laluben duhu.

Misalin Siriya ya fi kusa da halin da arewa maso yammacin Najeriya ke ciki. A farkon 2015 rundunar ƙawancen da Amurka ke jagoranta ta ce ba za ta yi amfani da wannan harsashi a yaƙi da ƙungiyar IS ba. A watan Fabrairun 2017 sai rundunar Amurka ta amsa cewa a Nuwamban 2015 ta harba fiye da 5,000 a kan tankokin dakon mai. Abokan gaban ba sojojin wata ƙasa ba ne, abin da aka harba kuma ba shi da sulke.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Makaman da aka ambata a harin Tangaza ba su cikin waɗanda aka san ana ƙerawa da dusar yuraniyom, haka ma jiragen Super Tucano goma sha biyu da Najeriya ta karɓa a 2021. 'Yan bindigar da ke kan babura ba su da sulken da za a huda, don haka babu wani dalilin soja na kawo wannan ƙarfe dajin Gobir. Amma tankokin man Siriya ma ba su da sulke. Ƙasar da ta buɗe sararin samaniyarta ga baƙo tana buƙatar sharaɗi a rubuce, domin zato ba ya ɗaure kowa.

Abin da doka ta ce, da inda ta yi shiru

Babu wata yarjejeniyar duniya da ta haramta wannan makami da sunansa. Kwamitin da mai gabatar da ƙara na kotun laifukan yaƙi ta tsohuwar Yugoslabiya ya kafa ya dogara da wannan a 2000, lokacin da ya ba da shawarar kada a buɗe bincike a kan NATO. Beljiyam ta haramta shi a dokarta da ta fara aiki a 2009, Kosta Rika ta bi a 2011. Tun 2007 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ke zartar da ƙudurori a kansa da gagarumin rinjaye, waɗanda suka haɗa da kira ga masu harbi su bayyana wuraren da suka harba, amma Amurka, Birtaniya, Faransa da Isra'ila sun saba ƙin amincewa, kuma ƙudurorin ba su tilasta wa kowa. A 2023 Birtaniya da Amurka suka ba Yukren irin waɗannan harsasai.

Ƙa'idojin gama-gari suna nan. Ƙarin yarjejeniyar Janeba na farko, na 1977, ya hana makaman da ke jawo wahalar da ta wuce buƙata, da waɗanda ke yi wa muhalli lahani mai faɗi, mai daɗewa, mai tsanani, ya kuma wajabta wa kowace ƙasa ta tantance halaccin sabon makami kafin ta ɗauke shi. Sai dai sharuɗɗan nan uku dole su haɗu a lokaci guda, abin da ke da wuyar tabbatarwa, kuma Amurka ba ta kammala amincewa da wannan ƙari ba. Ƙari a kan haka, an tsara shi ne domin yaƙi tsakanin ƙasashe, ba irin rikicin da ake yi da 'yan bindiga a cikin gida ba. Yarjejeniyar 2003 kan ragowar abubuwan fashewa ta wajabta rubuta abin da aka harba da miƙa bayanin domin a share, amma sandan yuraniyom ba abin fashewa ba ne, sai ya zame ta tsakanin yatsunta.

Saboda haka mutumin Gatawa ko Isa ya fi samun madogara a dokar gida. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa, iska da ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida, ta ba kowace al'umma haƙƙin lafiya da na muhalli mai kyau, kuma a 2001 Hukumar Afirka ta sami Najeriya da laifin take waɗannan haƙƙoƙi a ƙasar Ogoni. Hukuncin ya nuna cewa gwamnati tana da alhakin aunawa, da sanar da mutane haɗarin da ke kusa da su. Wannan alhaki ba ya faɗuwa don abin da ya gurɓata ƙasa daga jirgi ya faɗo.

Me ya sa Gobir

Yanayin ƙasar ne ya sa maganar ta yi nauyi a nan. Gulaben Bunsuru da Gagare suna sauko wa ta wajen Isa su zama Rima, Gulbin Maraɗi kuma ya shigo daga Nijar ya haɗu da shi a yankin Sabon Birni. Daga nan ruwan ya gangara madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato ke dogaro da ita. Rayuwar yankin a kan fadama take: noman rani, rijiyoyi marasa zurfi, dabbobi da mutane suna sha daga ruwa ɗaya. Duk abin da ya nutse a wannan ƙasa yana da gajeriyar hanya zuwa randa.

Sannan ga kasuwar tsohon ƙarfe. A ƙasar Hausa ƙarfe ba ya kwana a daji. 'Yan jari-bola za su tsince shi, a auna a kilo, ya bi mota zuwa dila, ko ya ƙare a maƙera ya zama fartanya. Ga yaron da iyayensa suka rasa gona saboda 'yan bindiga, guntun ƙarfe mai nauyi fiye da kima dukiya ce.

Maƙwabta biyu sun riga sun nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A Zamfara, a 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙura ta kwanta a tsakar gida, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Aƙalla yara 400 suka rasu. Magani bai yi amfani ba sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, kuma Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin su fito. Dalma da yuraniyom ba su cutarwa iri ɗaya, amma hanyar shigarsu jiki ɗaya ce: ƙurar da ba a gani, da hannun yaro.

A arewa kuma akwai Arlit, inda kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a Maris 2021, ya bar tarin sharar ma'adini na kimanin tan miliyan ashirin. Ƙungiyar Aghir In'man ta garin, tare da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, sun sami ƙarafan da suka fito daga ma'adinan, masu ɗauke da burbushin nukiliya, ana sayar da su a kasuwa, mutane suna amfani da su a gidajensu. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, kasuwa ce ta rarraba gubar.

Hujjar mai cewa ba yanzu ba

Akwai amsa mai ƙarfi ga duk wannan, kuma daga bakin mutanen yankin za a fi jin ta. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Disamban 2021 an ƙone matafiya da ransu a cikin mota a kan hanyar yankin. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubun-dubatar mutane sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi. Wanda ke biyan haraji ga ɗan bindiga kafin ya girbe geronsa zai ce ciwon da zai zo bayan shekara ashirin ba shi ne damuwarsa ba, a kawo jirgin ko na waye.

Wannan magana gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai nemi a ajiye makami a bar su. Amma rubuta abin da aka harba ba ya rage wa jirgi gudu, ba ya kuma ceton ɗan bindiga ko ɗaya. Rundunar da ta san aikinta tana da wannan bayani tun kafin jirgi ya sauka. Abin da ake nema shi ne ya isa hannun waɗanda za su gargaɗi jama'a su share wurin.

Kuma tarihin kurakurai bai bar wurin cewa a yarda kawai ba. A Fabrairun 2022 wani harin sama ya kashe yara a ƙauyen Nachade na Jihar Maraɗi, gwamnan jihar ya ce jirgin Najeriya ne. A Disamban 2023 aka yi Tudun Biri a Kaduna. A ranar 25 ga Disamba, 2024, fararen hula sun mutu a Gidan Sama da Rumtuwa a Ƙaramar Hukumar Silame. A irin waɗannan lokuta bayanin hukuma yakan zo a makare, bayan na waɗanda suka binne gawa. Idan ana jayayya kan mutanen da aka gani aka ƙirga, yaya za a yi da ƙurar da ba a gani?

Shiru yana da wani farashin. Inda hukuma ta ƙi magana, jita-jita ke cike gurbin. Arewa ta ga yadda gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Idan gobe wani saƙon murya ya bazu a WhatsApp cewa an zuba wa Gobir gubar nukiliya, ba musun kakakin soja ne zai kashe shi ba. Sakamakon awo ne, daga hannun da mutane suka yarda da shi.

Abin da za a nema tun yanzu

Na farko, duk wata yarjejeniyar da za ta ba wata ƙasa damar kai hari a Najeriya ta ƙunshi haramcin harsasan dusar yuraniyom a rubuce, tare da wajabcin miƙa jerin makaman da aka harba da wuraren da suka faɗa. Kwamitocin tsaro na Majalisar Dokoki ta Ƙasa suna da hurumin neman ganin wannan sharaɗi, kuma wakilan Sakkwato ta Gabas ne ya kamata su fara tambaya.

Na biyu, rundunonin Najeriya su riƙe kundi irin wannan na nasu hare-haren, su riƙa miƙa wa gwamnatin jiha sashen da ya shafi lafiyar jama'a da zarar aikin soja ya ƙare a wuri. Wannan zai yi amfani ko da ba a taɓa kawo yuraniyom ba, domin bam ɗin da bai fashe ba ya fi kowace ƙura saurin kisa.

Na uku, a auna ƙasa da ruwa tun kafin a buƙata. Kayan aikin suna nan a gida. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya tana aiki tun 2001. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma gano ƙarafan da ke cikin ƙasa da ruwa yana cikin ayyukanta na yau da kullum. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta suna Sakkwato. Awon da aka yi yau a rijiyoyin Isa da fadamun Rima shi ne ma'aunin da za a kwatanta da shi nan gaba. Rashin irinsa ne ya bar Basra cikin gardama har yau.

Na huɗu, gargaɗi ya isa inda ƙarfen zai bi: shugabannin 'yan jari-bola, sarakunan maƙera, limamai, malaman makarantun allo da gidajen rediyo. Saƙon gajere ne: abin da ya faɗo daga sama kada a taɓa, kada a kai gida, a sanar da mai gari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana mutanen da ke gudun hijira a Gidan Rumji da cikin garin Isa za su koma ƙauyukansu, su share gona, su yashe rijiya. Kafin su sa fartanya a ƙasa, suna da haƙƙin a gaya musu abin da aka bari a cikinta.